An ce an rage rabi, to don me ordonansi bai ragu ba? Fashin baƙi a kan farmasi da kuɗin magani

Tambayar da ake ta yi a fada da gidajen suna a nan Tahoua ita ce, tunda gwamnati ta ce ta rage kuɗin likita da rabi, don me har yanzu in ka shiga farmasi da ordonansi sai ka fito kana lalube aljihu? Wa ke yanka kuɗin magani ne ma, gwamnati, ko mai farmasi, ko waɗanda suka yi maganin can ƙasarsu? Kuma gaskiya ne a Turai kyauta ake ba mutane?

Ni abin ya same ni ne da damina, dare ya yi, innata ƙanwar mahaifiyata ta kira ni jikanta ɗan shekara uku jikinshi ya yi zafi rau. An duba shi a CSI, ƙaramin asibitin gwamnati, ba a karɓi ko dala ba, amma maganin babu, sai aka rubuto takarda layi huɗu. Muka hau kabu-kabu muka nemi farmasin da ke gadi. Yarinyar da ke bayan kanta ta danna kwamfuta ta ce "jika goma sha ɗaya da ɗari, Hajiya." Inna ta dube ta ta dube ni ta ce "ɗiyata, ba cewa anka yi an rage rabi ba?" Yarinyar ta ce "wancan na likita ne Hajiya, nan farmasi ne." Inna ta kwance bakin zane tana ƙirga abin da ɗanta ya turo daga Abidjan, ni kuma na tsaya ina jin haushin yarinyar da ba ita ta sa kuɗin ba.

Abin da aka rage da abin da ba a taɓa ba

A watan Agustan 2024 majalisar ministoci a Yamai ta rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da kashi 50 cikin 100, abin ya fara aiki 1 ga Satumba, haihuwa ta zama kyauta, aka kuma soke jika 150 ɗin da masu wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara musu. Wannan kuɗin aiki ne, ganin likita, kwanciya, awo, tiyata. Kwalin da ke jere a farmasin ɗan kasuwa lissafinshi daban, hanyar da ya biyo ma daban, kuma ba a asibiti aka yanka kuɗinshi ba.

Duk ƙasar da ka ɗauka a duniya tambayoyi huɗu ne ke ƙarƙashin maganar: wa ke ba magani izinin shiga ƙasa, wa aka yarda ya saida, wa ke yanka farashi, sannan wa ke biya. Mu kullum ta uku muke wa ihu, alhali ta huɗun ce ta bambanta mu da waɗanda muke sha'awa.

Suna biyu, magani ɗaya

Kowane magani yana da sunan yanka da sunan kasuwa. Parasetamol sunan yanka ne, Doliprane da Efferalgan da Panadol sunayen kasuwa ne, abin da ke aiki a ciki ɗaya ne. Kamfanin da ya ƙirƙiro sabon magani ana ba shi takardar mallaka ta shekara 20, a cikin lokacin ba mai yin irinshi sai da yardarshi, to a nan ne tsada ta gaske take. In wa'adin ya cika kowa na iya yi, shi ne ake ce wa jenerik, wancan na farko kuma 'yan farmasi na ce mishi sipesiyalite. Yawancin abin da muke sha kullum, amoksisilin, metronidazol, maganin hawan jini, na suga irin na haɗiya, wa'adinsu ya cika tuntuni, tsadar da ta rage a kansu ta suna ce da kwali mai kyalli da kuɗin tallar da kamfani ya kashe a kan masu rubuta ordonansi.

A nan ne ake ruɗewa. Jenerik ba jabu ba ne. Jabu shi ne wanda aka yi don a cuci mutane, alli ko gari a cikin kwalin da ya yi kama da na gaske. Akwai kuma na uku, wanda na gaske ne amma ƙarfinshi bai kai ba, ko dai tun daga masana'anta ko kuma rana ta kashe shi. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, to ka tuna Tahoua a watan Afrilu, ka tuna tire a kan mai talla daga hantsi har la'asar.

Hanyar kwali kafin ya iso Tahoua

Kusan duk maganin da muke sha shigo da shi ake yi. Ƙofa biyu ce ta halak. Ta farko ONPPC, ofishin gwamnati da aka kafa tun 1962, shi ke sayo jenerik da yawa lokaci guda ya raba wa asibitoci da CSI da farmasi popiler, a da ma shi kaɗai ke da ikon shigo da magani kafin a buɗe wa 'yan kasuwa a shekarun 1990. Ta biyu manyan diloli masu zaman kansu irin su Laborex da Ubipharm, su ke cika farmasin unguwa, kuma kayansu da yawa ta Faransa suke biyowa ko da a Indiya ko Maroko aka yi su, saboda can cibiyoyin sayensu suke. LANSPEX a Yamai shi ke da aikin awon inganci.

A tsarin da ƙasashen sefa suka gada, mai farmasi ba ya tashi da safe ya sa kuɗin da ya ga dama kamar mai tumatir. Ana ɗaukar kuɗin da aka sayo kwalin, a ɗora kuɗin jirgi da inshora da na sauke kaya, a ɗora ribar dila, a ɗora ribar farmasi, kuma hukuma ce ke ƙayyade waɗannan ribar. Shi ya sa kwali ɗaya in ka zagaya farmasi uku a Yamai za ka tarar kuɗin kusan ɗaya ne, ba a ciniki, ba "ragi nawa". Duwan ma ba ita ce babbar matsala ba don a jadawalin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, magani yana rukunin da ba a ɗora wa harajin shigowa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Abin da hukuma ta ƙayyade riba ce, asalin kuɗin kwalin kuwa daga waje ya zo da shi, da yuro ko dala ta Amurka. Sannan in riba kaso ce cikin ɗari, kwalin jika goma ya fi kwalin ɗari kawo wa mai shago kuɗi nesa ba kusa ba, alhali wahalar miƙo su ɗaya ce. Ban ce masu farmasi mugaye ba ne, ina da abokai a cikinsu kuma da yawa su ke fara ce maka akwai mai sauƙi, amma tsarin da kanshi yana saka wa wanda ya saida mai tsada. Ɗan adam ne kuma.

Manyanmu sun san abin da canji ke yi wa magani. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya da yake dala goma ya koma dala ashirin dare ɗaya, duk abin da ake sayowa waje ya nemi ninkawa, daga nan ne ma gwamnatocinmu suka rungumi jenerik da gaske don ba yadda za su yi. Yau sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, shi ya sa ba mu ga irin tashin hankalin da maƙwabta suka gani ba. Namu ya zo ta wata ƙofar: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka sa takunkumi aka rufe iyakar Benin, kwantenoni suka maƙale a Kotonu, aka koma biyowa ta Lome a ratsa Burkina a shigo ta Tera da rakiyar soja, tafiyar kwanaki ta koma ta makonni. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 amma gadar Gaya ba ta koma yadda take ba. Daga Yamai kuma sai kwalin ya ƙara kilomita fiye da 500 kafin ya zo mana. Wanda ya nemi insulin ko maganin farfaɗiya a ƙarshen 2023 ya san "babu" ta fi "tsada" ciwo.

Yadda wasu ke yi

Faransa muka kwaikwaya a fasalin farmasi, sai wanda ya karanci harkar ne ke mallakar shago, kuma ba a buɗewa barkatai, gari sai ya kai mutum 2,500 a ba shi farmasi ɗaya, kowane ƙari kuma sai an samu wasu 4,500. Amma mun ɗauko riga mun bar wando. Can in sabon magani ya zo, wata hukuma ta likitoci ce ke fara auna shi, ya fi wanda ake da shi ko kuwa tsohon ne aka sake wa kwali, sannan wani kwamitin gwamnati ya zauna da kamfanin a yi ciniki. Ƙarfin kwamitin daga ina yake? Daga asusun lafiya da ke biya wa kusan kowa a ƙasar. Asusun na biyan kashi 65 na yawancin magunguna masu muhimmanci, wasu 30, wasu 15, na cututtuka masu tsanani 100, sauran kuma inshorar ƙari ta cike. Kamfanin da ya ƙi sauko da kuɗi ya rasa kasuwar mutum sama da miliyan 60. Mara lafiya kuwa kati yake miƙawa. Wato ba kyauta ba ne, an riga an cire a albashi da haraji tun yana da lafiya.

Ingila ta fi sauƙin bayani. Tun 1948 suke da asusun lafiya na ƙasa, in likita ya rubuta maka magani kuɗi ɗaya za ka biya a kan kowane layi, fam 9.90 tun watan Mayun 2024, wajen jika bakwai da ɗari kenan, ko maganin na dala ashirin ne ko na miliyan. Yara da tsofaffi da masu ciki da marasa ƙarfi ba su biya, har ya zama kusan tara cikin goma na magungunan kyauta ake bayarwa, a Sikotlan da Wales ma an soke biyan gaba ɗaya. Amma suna da wata hukuma, NICE, da ke iya cewa wannan sabon maganin kansa amfaninshi bai kai kuɗinshi ba, ba za mu saya ba. Iyalan mara lafiya su yi ta kuka a jarida. Wannan shi ne ɗacin tsarin, wani ne a ofis ke cewa a'a a madadinka.

Jamus akwai dabara ɗaya da ta burge ni. Ribar mai farmasi a kan maganin ordonansi kashi 3 ne kacal cikin 100, sai wani tsayayyen kuɗi a kan kowane kwali, don haka ko ya miƙo mai tsada ko mai araha abin da zai samu bai bambanta sosai ba. Kuma tun 1989 suke tara magunguna masu aiki iri ɗaya a rukuni guda su ce ga abin da asusu zai biya, mai son suna ya cika daga aljihunshi.

Amurka kuwa ita ce gargaɗi. Kamfani ke sa kuɗinshi, tsakaninshi da mara lafiya kuma akwai kamfanonin inshora da wasu dillalai uku manya da ke riƙe da kusan kashi 80 na harkar, ana ragi a ɓoye ba wanda ya san ainihin farashi. A 2015 wani ɗan kasuwa Martin Shkreli ya sayi ikon wani tsohon magani, Daraprim, ya ɗaga ƙwaya ɗaya daga dalar Amurka 13.50 zuwa 750, sama da jika 400 ƙwaya ɗaya, kuma ɗagawar kanta ba ta saɓa doka ba. Insulin da waɗanda suka gano shi a Kanada suka sallama wa jami'ar Toronto a kan dalar Kanada ɗaya-ɗaya a 1923, shi ne Amurkawa suka koma tsimi da shi saboda tsada. Dokar 2003 ma hana asusun tsofaffi na gwamnati yin ciniki ta yi, sai a 2022 aka yi sabuwa da ta ba shi dama, aka fara da magani 10 kawai, aka kuma tsaida insulin na tsofaffi a dalar Amurka 35 a wata. Abin mamaki, jenerik a can yana da araha ƙwarai kuma shi ne kusan tara cikin goma na abin da ake rubutawa, 'yan ƙalilan masu suna ne ke cinye kuɗin.

Indiya ta fi kama da mu don su ma da yawa daga aljihu suke biya. Suna da jerin magunguna na dole, 384 a jerin 2022, kuma tun dokar 2013 hukumarsu ke ɗaukar matsakaicin kuɗin kamfanonin da ke saida maganin ta ce ba mai wuce nan, a buga iyakar kuɗin a jikin kwali kowa ya gani. Suna iya yin haka ne don a gida ake yin maganin, tun dokarsu ta 1970 da ta ba kamfanoninsu damar kwaikwayo har zuwa 2005. Kamfaninsu Cipla ne a 2001 ya ce zai ba da maganin sida na shekara a dalar Amurka 350 lokacin da ake saida shi sama da 10,000. Amma daga Indiyar ne kuma siron tari ya fito da ya kashe yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Araha ba tare da awo ba, ga abin da take haifarwa.

Sai Najeriya, wadda mu 'yan Tahoua ba labari ake ba mu ba, daga Konni ka taka Illela ka shiga. Can farashi a sake yake, ga kemis a kowane lungu, hukumar kula da magani NAFDAC da aka kafa a 1993 tana fama da jabu tun zamanin Dora Akunyili. Da naira ta faɗi a 2023, kamfanin magani na GSK kuma ya ce ya tattara nashi ya nashi, kuɗin wasu magunguna kamar abin shaƙa na masu asma ya ninka sau da yawa cikin watanni. A Fabrairun 2024 hukuma ta rufe shagunan magani na Sabon Gari a Kano ta ce a koma sabuwar kasuwar Dangwauro inda za a iya sa ido. Duk abin da ya motsa a can muna jin shi a kasuwarmu, don faɗuwar naira ta sa mai sefa yana ganin kayan can kamar banza, kuma ba duka ke biyowa ta ƙofa ba.

To don me gwamnati ba za ta ce a rage kawai ba?

Tana iyawa, takarda ce. Amma a tambayi me za a rage. In ribar farmasi ce, mai shago zai ce maka yana biyan haya da ma'aikata da lantarki da firji da janareto, ga kayan da wa'adinsu ke cika a kan kanta ya zubar, ga ma'aikatu da ke karɓar magani bashi su daɗe ba su biya ba. Wani abin gaskiya ne wani kuma kukan ɗan kasuwa ne, amma abin da na tabbatar shi ne in aka matse sosai farmasin Yamai mai ciniki zai rayu, na Abalak ko Keita shi zai fara rufewa, dama can yawancinsu a Yamai suka taru. In kuma asalin kuɗin kwalin ne, to da wa za a yi cinikin? Kamfani na jin maganar Faransa don tana biya wa miliyoyi da hannu ɗaya. Mu kuwa kowa da ordonansinshi yake zuwa shi kaɗai, tsakar dare, da yaro a kafaɗa. Wannan ba mai ciniki ba ne. In ka tilasta wa dila kuɗin da bai fitar da shi ba, ba zai yi gardama ba, zai daina kawowa ne kawai, sai maganin ya ɓace a kanta ya ɓullo a kasuwa.

A Nijar sama da kashi 40 cikin 100 na duk abin da ake kashewa a lafiya daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye, kuma magani ne ke cin babban rabo. Tushen abin tsoho ne. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako da OMS, hukumar lafiya ta duniya, da UNICEF aka ce tunda asibitoci ba magani, a riƙa saida jenerik da ɗan kuɗi ana juya shi. Da aka zo gwadawa a nan a 1993, an yi abin da ya kamata a riƙa tunawa: a Say aka ce mara lafiya ya biya duk lokacin da ya zo, a Boboye aka ce kowane baligi ya ba da dala arba'in a shekara sannan in ya zo ya biya ɗan kaɗan, Illela tamu ta jihar Tahoua kuma aka bar ta yadda take don a kwatanta. Talakawa sun fi zuwa likita a Boboye, inda aka tara kuɗin tun kafin ciwo. Amma da aka zo yaɗa tsarin a ƙasa, biya-in-ka-zo ne ya yi rinjaye. Ni dai a ganina a nan muka saki hanya.

A 2006 aka kawo kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki, bayan tiyatar haihuwa da aka fara da ita. Niyya mai kyau, kuma ta ceci yara da yawa. Yadda abin yake, CSI ta yi aiki ta ba da magani, ta aika takarda, gwamnati ta biya ta, ta sake sayo magani. In biyan ya yi jinkiri, kuma ya sha yin jinkiri na watanni har shekaru, akwatin CSI ya bushe, ba ta da abin zuwa sayayya, sai manjo, shugaban CSI ɗin, ya ɗauki biro. Ordonansin Inna daga nan ya fito. A takarda jikanta kyauta ne, a kanta jika goma sha ɗaya da ɗari.

Farmasin ƙasa

Kowa na zagin mai tallar magani amma kowa ya san dalilin da ya sa yake da ciniki. Yana saida ƙwaya biyu a dala biyar, yana ba da bashi, yana zuwa har ƙofar gida, yana jin Hausa ba ya tambayar takarda, a ƙauyen da ba ko depo shi ne likitan. Mutum zai ce a ba shi ja da rawaya, ko mai hoton ɗan dambe, an gama. Farmasi kuwa kwali take so ka ɗauka.

Kuɗin da ake biya daga baya ne ba a gani. OMS ta ce a 2017 ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko mara ƙarfi, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi kuma a 2023 ya ƙiyasta a Sahel abin ya kai tsakanin kashi 19 zuwa 50. Mu ba sai an kawo mana lissafi ba ma. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutane sama da 50,000 allurar rigakafin da babu komai a ciki, a 2015 aka sake kama jabun rigakafin sanƙarau a Yamai. Ga rabin magani da ake sha, kapso biyu yau, gobe in an ji sauƙi a bari, har ƙwayar cuta ta saba ta daina jin amoksisilin, ranar da yaro ya kamu da ciwon haƙarƙari na gaske sai an nemo allura mai tsada. Tramol kuma ba sai na ce komai ba, a je tasha da safe a gani. Nijar na cikin ƙasashe bakwai da suka shiga yunƙurin Lome a Janairun 2020 na maida fataucin jabun magani babban laifi, ana kamawa ana ƙonawa a gaban kyamara, amma muddin akwatin CSI ba komai kuma farmasi mafi kusa tana kilomita 60, mai tire zai dawo ran kasuwa.

Abin da zai motsa farashin a hannun talaka

Ba asiri ba ne. In ONPPC na da kuɗi a hannu tana saye da yawa a kan lokaci, in ana biyan CSI bashin kyautar yara kafin akwati ya bushe, rabin ordonansin da ke fita waje ba zai fita ba. In ƙasashe suka haɗa odarsu wuri ɗaya, ko na AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, ne ko na UEMOA, sun zama babban mai saye da kamfani zai saurara wa, an ga hakan a maganin sida da tarin fuka da na zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ake samu kyauta ko da araha don manyan asusun duniya ne ke sayen su jimla. In masu rubutu suka riƙa sa sunan yanka maimakon sunan kasuwa, layi huɗu ya koma uku in na huɗun bitamin ne na ƙawa, nan take aljihu zai ji. Masana'anta a gida ma ana so, amma kada a yaudari kai, garin maganin kanshi yawanci daga Sin da Indiya kowa ke sayowa, har Turawan.

Daren nan dai, da haushina ya sauka, na ce wa yarinyar "don Allah ƙanwata, a cikin huɗun nan wane ne ke da jenerik?" Ta shiga ciki ta kira dokta, ya fito da tabarau a goshi ya duba takardar, ya ce uku akwai, na huɗun kuma siron ƙarin cin abinci ne, in kira wanda ya rubuta in ji ko dole ne. Na kira, manjo ya ce a bar shi sai yaron ya warware. Kuɗi ya dawo jika huɗu da 'yan canji.

Inna ta juya farin kwalin da ba hoto ba kyalli, ta ce "ɗana, wanga ba na talakawa ba ne kuwa?" Dokta ya yi dariya ya ce "Hajiya, shi nike ba ɗiyana." Ba ta ce komai ba, ta ɗaure sauran kuɗin a bakin zane, amma a kan kabu-kabu sai da ta sake tambayata ko in koma da safe in sayo mai hoton lemun nan, ko da guda ɗaya ne.